ZABURA A AJI DA ZABURA A GIDAN MAKOKI

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna roƙon aron hankalinku kan wata magana wadda a ido take kamar ta shafi fastoci da malaman tauhidi kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda aka taɓa miƙa wa Littafi Mai Tsarki a gidan rasuwa aka ce ya karanta wani abu ya yi addu'a. Sanin kowa ne a ƙauyukanmu ɗan boko ba ya kuɓuta daga wannan. Da zarar ɗalibi ya je hutu, ko an tura matashin ma'aikaci wata ƙaramar hukuma inda mai bishara ɗaya yake kula da majami'u uku ko huɗu, sai dattawa su ce ai ga mai ilmi ya zo, a ba shi karatun Lahadi, a ba shi wa'azin tsakiyar mako, ya raka mu gaida marar lafiya. Maganarmu a kan Zabura ce, watau yadda ake karanta ta a aji, da yadda ake aiki da ita a majami'a, da ramin da yake tsakanin biyun nan.

'Yan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan mujalla kada su ga kamar an rufe musu ƙofa, domin sunan ba baƙo ba ne a kunnensu. Alkur'ani ya ambaci Zabura sau uku, biyu daga ciki tare da sunan Annabi Dawuda, kuma kalmar da masu fassara suka tarar a bakin Hausawa ita suka ɗauka suka sa. Abin da Kirista suke nufi da ita shi ne littafin waƙoƙi da addu'o'i 150 da yake cikin Tsohon Alkawari, wanda aka rubuta da Ibrananci aka kasa shi kashi biyar. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dauda a kansu, 12 na Asaf ne, akwai na 'ya'yan Kora, akwai ɗaya mai sunan Musa da biyu masu sunan Sulemanu, sauran da yawa kuwa ba a sa musu sunan kowa ba. Mafi tsawo ita ce ta 119 mai aya 176, mafi gajarta ta 117 mai aya biyu tak. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, bayan aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe suna yi, sa'an nan aka sake fassara shi a 1979. Ke nan Zabura ta haura shekara 90 a hannunmu da harshen da muke ji. Daɗin daɗawa, ga al'ummomi da yawa na ƙasar nan waɗanda Sabon Alkawari kaɗai aka juya musu zuwa harshen uwa, ta bakin Hausa suke jin Zabura, ko su rasa ta ɗungum.

To, me muka yi da ita cikin shekarun nan? Wanda ya zauna ya ƙidaya Zaburar da yake ji a majami'arsu daga Janairu zuwa Disamba, da wuya yatsun hannuwansa su ƙare. Ta 23 ce ta jana'iza da haddar yara, ta 91 da ta 121 na matafiyi ne, ta 100 da ta 150 na buɗe sujada da ranar godiyar kaka, ta 51 ta wanda aka sa a ƙarƙashin horo, ta 35 kuwa ta mai maƙiya. Ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma masana sun daɗe da nuna cewa dangin da ya fi kowane yawa a littafin shi ne na makoki da kai kuka ga Allah, wanda ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan dangi shi ne muka jingine, kamar magidancin da ya gaji rumbu uku ya ƙi buɗe mafi girma, yana ta auna wa iyalinsa daga ƙananan, ga kuwa yunwa ta shigo gari.

A aji kuma wani abu daban ake yi. Duk wanda ya zauna a darasin Tsohon Alkawari, ko a makarantar Littafi Mai Tsarki ko a sashen nazarin addinai na jami'a, ya san sunan Hermann Gunkel, Bajamushen malamin da ya rarraba Zabura dangi-dangi: ta yabo, ta makokin mutum ɗaya, ta makokin al'umma, ta godiya, ta sarauta. (Ya rasu a 1932, shekarar da littafin ya fito da Hausa.) Ana haddace rabe-raben nan, ana haddace cewa kalmar Sela ta fito sau 71, ana zuba su a takardar jarrabawa, a ci, a wuce. Abin mamaki shi ne, tambayar da ta sa Gunkel ya yi wannan aiki ita ce ta mazaunin kowace waƙa a cikin rayuwa: wa ya rera ta, a ina, me ya same shi, wa yake tsaye kusa da shi? Ya ga cewa ba a tsara su domin ɗakin karatu ba, an tsara su domin mai ciwo da ya zo Haikali, da wanda aka yi wa ƙazafi a gaban alƙali, da jama'ar da fari ko yaƙi ya ci. Mun riƙe amsoshinsa mun yar da tambayarsa. Saboda haka sai ɗalibi ya fito da sakamako mai kyau a darasin Zabura, ranar da aka kai shi gaban gawar yaro ɗan shekara biyar ya rasa inda zai buɗe, ya koma ta 23 da ya haddace tun yana makarantar Lahadi.

Ra'ayinmu shi ne, Zabura ba ta karantuwa sosai sai da ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a hidimar yau da kullum, kuma inda wannan ya fi bayyana shi ne gidan makoki.

Ku dubi abin da muke yi in an yi rasuwa. Muna shiga mu zauna a tabarma, mu ce sai haƙuri, nufin Allah ne, Shi ya bayar Shi ya karɓa. Matan zumunta su tayar da waƙa mai ƙarfi, wani dattijo ya tunatar da mai makoki cewa mai bi ba ya kuka irin na marar bege. Haƙuri abu ne mai daraja, kuma mun gaje shi daga iyayenmu tare da dauriya da kunya. Ba mu zo rushe shi ba. Sai dai sau da yawa wannan haƙuri da muke bayarwa umarni ne na a yi shiru. Matar da mijinta ya fita gona bai dawo ba tana da tambaya a ƙirjinta, ta kuwa gane daga fuskokinmu cewa in ta furta ta za a ce bangaskiyarta ta yi rauni. Sai ta haɗiye. Bayan sati biyu baƙi sun watse, an kwashe kujerun haya, ta rage ita kaɗai da tambayar, ta ɗauka cewa tsakaninta da Allah an yi baram-baram tun da ta ji haushinsa.

Alhali a cikin littafin da yake kan cinyar mai bishara akwai Zabura 13, wadda a ayoyinta biyu na farko mai addu'a ya tambayi Allah har sau huɗu yaushe wannan hali zai ƙare. Akwai ta 6, ta mutumin da kuka ya jiƙa masa shimfiɗa. Akwai ta 55, ta wanda amininsa, abokin tafiyarsa zuwa ɗakin sujada, ya ci amanarsa. Sa'an nan akwai ta 88, wadda a ganinmu ya kamata kowane mai niyyar hidima ya kwana da ita kafin a ɗora masa hannu. Addu'ar mutum ce da ya daɗe cikin ciwo tun ƙuruciya, abokai sun guje shi, yana ganin Allah ne da kansa ya jefa shi a rami. Yawancin waƙoƙin makoki sukan juya a ƙarshe su koma ga dogara da yabo. Ita wannan ba ta juya ba, a kan duhu ta tsaya. Waɗanda suka tattara littafin suna da damar su cire ta ko su ƙara mata aya ɗaya mai daɗi, amma suka bar ta yadda take, suka ba mawaƙan Haikali su rera. Ma'anar wannan ga marar lafiyar da ya shekara a kwance babba ce: ranar da ba shi da abin faɗa sai kuka, kukan nan ma addu'a ce karɓaɓɓiya, tana da lamba a littafin ikilisiya. Kuma Kirista ba shi da bakin cewa irin wannan magana rashin bangaskiya ce, tun da Matiyu da Markus sun shaida cewa da farkon Zabura 22, wadda take tambayar Allah dalilin da ya sa ya yashe da bawansa, Yesu ya ɗaga murya a kan gicciye.

Wannan ba maganar da ta tsaya ga gida ɗaya ba ce. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A ƙarshen Oktoban shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, tare da makarantar Littafi Mai Tsarki da take wurin, malamai da ɗalibai suka watse cikin daji, shugabanni suka yi zaman hijira a Jos. A ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano aka kashe masallata fiye da ɗari, don kada wani ya ɗauka wutar gida ɗaya ta ci. A Janairun 2015 kuma aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Yanzu sai mu tambayi kanmu: mai bisharar da ya sami kansa a sansanin gudun hijira tare da ragowar jama'arsa, me zai karanta musu ranar Lahadi? In Zabura goma ɗin nan kaɗai ya sani, ko dai ya tilasta musu murna da ba sa ji, ko ya faɗa cikin tsohuwar amsa mai sauƙi, ya ce zunubinmu ne ya jawo. In kuwa ya yi karatu da idon hidima, ya san ta 74, wadda ta zana abokan gaba suna sassare katakon Haikali da gatura suna cinna masa wuta, ya san ta 79, ta gawawwakin da aka rasa mai binne su bayan da Babila ta ci Urushalima a ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu. Ya kuma san ta 44, wadda ta fi su ƙarfin hali, domin a cikinta jama'a sun tsaya gaban Allah sun ce ba su manta da shi ba, ba su karya alkawari ba, duk da haka ga abin da ya same su. Uwar da aka ɗauke wa 'ya tana da hakkin ta ji cewa Littafi Mai Tsarki bai ɗora mata laifi ba. Manzo Bulus ma daga wannan Zabura ya ɗauko aya a sura ta 8 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in kuka buɗe wannan ƙofa, ba kuka kaɗai zai shigo ba, har da la'ana. Gaskiya ne. Zabura 137, ta bayin da aka kai Babila, ta fara da kewar gida ta ƙare da fatan a hallaka jariran masu zalunci. Ta 109 tana roƙon 'ya'yan maƙiyi su zama marayu masu bara. Ta 58 ma ba ta da sauƙi. A ƙasar da ramuwar gayya ta cinye garuruwa, a Filato da kudancin Kaduna da wasu wurare, karanta irin waɗannan a gaban samari masu zafin zuciya kamar wasa da ashana ne kusa da rumbu. Cocin Katolika kanta, sa'ad da ta sabunta littafin addu'o'inta na kullum a 1971, ta cire ta 58 da ta 83 da ta 109 daga jerin karatun, ta kuma tsallake wasu ayoyi a cikin waɗansu.

Muna girmama wannan tsoro, amma ba mu ga tsallakewa ta yi mana magani ba, domin ayoyin suna nan a littafin da kowa yake da shi a gida, kuma waɗanda ba su yi karatu ba sun riga sun same su. Ku je wuraren addu'ar dare ku ji yadda ake ɗaga ta 35 da ta 109 a kan kishiya, da surukuwa, da abokin aikin da ake zargi ya tare wa mutum ƙarin girma. In masu ilmi sun kauce wa ayoyin nan don kunya, sun bar su ke nan a hannun masu sayar da tsoro. Karatu shi ne yake nuna abin da mai fushi ba ya gani: a waɗannan Zabura mai addu'a ba ya ɗaukar makami. Yana kai ƙara ne, yana zube duk baƙin cikinsa ba tare da tacewa ba, sa'an nan ya bar hukunci a hannun Alƙalin da ba a saye. Masu maganar mutane ne da aka raba da ƙasarsu, ba su da soja ba su da kotu. Wanda yake zaune a ofis mai fanka yana la'antar abokin takararsa ba shi da hurumin aron bakinsu. Saurayin da aka ƙone wa gida, in ba a ba shi wurin da zai furta fushinsa a gaban Allah ba, zai furta shi a wani wuri, mun kuwa san wuraren. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda aka fara aikinta a Garkida a 1923, an san ta da koyarwar ƙin ɗaukar makami tun asali. Irin wannan koyarwa tana bukatar ƙofar da zafin rai zai fita ta ciki, in ba haka ba a rasa mai iya ɗaukarta. Sai dai wannan aiki ne na zama da mutum, a karanta tare, a tsaya a yi magana, a haɗa da koyarwar Yesu kan ƙaunar maƙiyi; ba abin da za a yi ta lasifika ba ne.

Ga kuma ɗaya ɓarnar, wadda ta fi yaɗuwa, watau mayar da Zabura laya. Ana buɗe ta 91 a ajiye ƙarƙashin matashin kai, ana liƙa ta a gilashin mota, ana karanta wata a cikin ruwa sau bakwai a sha ko a yi wanka. Wani masanin Tsohon Alkawari ɗan ƙasar nan, David Adamo, ya yi rubutu mai yawa kan yadda ikilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa suke amfani da Zabura don kariya da waraka da neman nasara, ya kuma nemi a fahimci masu yin haka kafin a yi musu dariya. Mun yarda da shi a nan: mutumin da ya bar layun kakanninsa ya shigo ikilisiya, tsoron maita da hatsarin hanya bai bar shi a bakin ƙofa ba, kuma gara ya gudu zuwa Zabura da ya koma gidan boka. Amma fasto yana da tambayar da zai amsa ranar da motar mai ɗauke da ta 91 a gilashi ta kife aka rasa rayuka. In ya koya wa jama'a cewa takardar ce take tsarewa, to, ran nan ko dai Allah ya gaza ko mamacin ne mai laifi, duka biyun kuwa ƙarya ne. Ɗan karatu kaɗan ya isa ya tuna masa cewa a labarin gwajin Yesu, kamar yadda Matiyu da Luka suka kawo, Shaiɗan ne ya jawo aya daga wannan Zabura ta 91 ɗin, yana so ya mai da alkawarin kariya abin gwada Allah, Yesu kuwa ya ƙi. Ta 91 da ta 88 littafi ɗaya ya ɗauke su, Zabura biyu kacal ne tsakaninsu. Wanda ya ba jama'a ɗaya ya ɓoye ɗaya ya ba su rabin magana.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, kada ku ce ku ba ruwanku da gidan makoki sai an gayyace ku. Akwai Zaburar da kamar a sakatariya aka rubuta ta. Ta 73 ikirari ne na mutum mai gaskiya da ya dubi masu mugunta ya ga sun yi ƙiba, ba ciwo ba damuwa, dukiyarsu sai ƙaruwa, har ya fara tunanin wanke hannunsa da ya yi banza ne, ya ce saura ƙiris santsi ya kwashe shi. Duk akawun da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ya ga wanda ya sa ya gina gida a shekara biyu, ya san wannan santsi. Ta 82 tana tuhumar alƙalai masu son kai da suke danne maraya da matalauci. Ta 15 ta lissafa halayen wanda ya cancanci tsayawa a gaban Allah, a ciki har da cika rantsuwa ko da za ta jawo hasara, da ƙin karɓar toshiya a kan marar laifi. Ta 101 kuwa alkawarin mai mulki ne kan irin mutanen da zai ajiye kusa da shi. Ba mu cika jin an yi wa'azi da su ba ranar da babban mutum ya zo baiko na musamman, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne.

Abin da muke nema ba sabon abu ba ne, a nahiyar nan ma aka fi nuna shi. Atanasiyus, bishop na Iskandariyya a Masar, wanda ya rasu a 373, ya rubuta wa wani mai suna Marsilinus doguwar wasiƙa sa'ad da mutumin yake jinya yana nazarin Zabura, ya kwatanta masa littafin da madubi, ya bi masa halin rayuwa ɗaya bayan ɗaya yana nuna wadda ta dace da kowanne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya bar bayani a kan dukan Zabura 150, aikin da ya ci masa wajen shekara 30. Da yawa daga ciki wa'azi ne da ya yi a gaban masunta da 'yan kasuwa da manoma, marubuta suna ɗauka da sauri yana magana, kuma shi wannan mutum yakan shafe safiya yana raba gardamar gado da bashi tsakanin 'yan garinsa. Sa'ad da ajalinsa ya matso a 430, mayaƙan Bandal sun kewaye garin, ya sa aka rubuta masa Zaburar tuba a takardu aka rataye a bango daura da gadonsa. A Habasha kuwa, har sunan littafin ya zama Dawit, kuma da shi yaro yake ƙwarewa a karatu a makarantun coci tun ƙarnoni da yawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya san wani bango tsakanin nazari da hidima.

Saboda haka muna kira ga makarantun da suke horar da masu hidima su dubi yadda suke auna ɗalibi a wannan darasi. Wanda aka tura aikin gwaji a ikilisiya ya dawo da littafin rubutu: gidan wa ya shiga, me ya tarar, wace Zabura ya karanta, me ya sa, yaya aka karɓe ta. A zauna a aji a tattauna wannan tare da Ibranancin da rabe-raben Gunkel, domin kowanne yana gyara ɗan'uwansa. A kuma koya masa karatu da murya a Hausa, abin da ake ganin ƙarami ne alhali rabin aikin ke nan. Waƙar Ibraniyawa ba ta dogara da amsa-amo ba, ta dogara ne da maimaita ma'ana, layi na biyu ya amsa wa na farko ko ya ƙara masa ƙarfi, shi ya sa fassara ba ta kashe ta. Kunnen da ya saba da jagora da 'yan amshi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ta 136 ma amshi ɗaya take maimaitawa a dukan ayoyinta 26. Mawaƙanmu da matan zumunta suna da baiwar sa wa magana murya, sun kuwa cika majami'u da waƙoƙin yabo masu daɗi. Muna roƙonsu su gwada hannunsu a kan ta 13 da ta 42 da ta 90, don a sami abin rerawa a gidan makoki wanda bai fi ƙarfin maƙogwaron mai makoki ba.

Mu ɗalibai kuma namu ya fi sauƙi, ba ya bukatar izinin majalisar kowa. Da yawa cikinmu an ba mu ƙaramin Sabon Alkawari na aljihu a sakandare, mai ɗauke da Zabura da Karin Magana a bayansa, yana nan a ƙasan akwati. Tun ƙarni na 6 sufayen da suke bin ƙa'idar Benedik suke sauke Zabura duka a mako ɗaya. Wannan ya yi wa mai lacca da jarrabawa yawa. Amma littafin addu'a na Angalika, wanda Thomas Cranmer ya fara fitarwa a Ingila a 1549, ya raba ta a kan kwana 30, safe da yamma, abin da bai wuce kamar guda biyar a yini ba. Amfanin jadawali shi ne ba ya barin mutum ya zaɓi abin da ransa yake so kaɗai. Wanda ya bi shi zai iske ta 44 ranar 9 ga wata da safe, ta 73 da ta 74 ranar 14 da yamma, ta 88 ranar 17 da safe, ta 109 ranar 22 da yamma, ta 137 ranar 28 da yamma, ko yana cikin farin ciki ko yana cikin akasinsa. Muna ba shugabannin zumuntar ɗalibai Kirista shawara su kwafe wannan jadawali su liƙa a allon sanarwa na ɗakin sujada tun farkon zango mai zuwa, su kuma ware yamma ɗaya a mako inda waɗanda suka je gaisuwar asibiti ko ta'aziyya za su zauna da 'yan sashen nazarin addinai, kowa da littafinsa na Hausa a hannu, a fara da Zabura ta 3.